Shekara 26 ina kafinta, gwiwa ta fara ƙorafi: ƙungiya, ƙaura ko shagon kaina?

Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne, shekarata 47, kuma 26 daga cikinsu a wannan sana'a na yi su. Yawancin aikina rufi ne da kafa katakon dakin, wato wanda ake zuba kankaren bene a kansa, a ƙarƙashin 'yan kwangila. In akwai aiki a biya ni, in babu in zauna a gida. Ba ni da fansho, ba ni da inshora. Yanzu wani babban kamfanin gine-gine da ke wani gari mai nisa ya yi mini tayin aiki. Ma'aikatansa 'yan ƙungiyar ƙwadago ne, ana cire musu kuɗin ƙungiya da na fansho kowane wata. Abokan aikina sun ce ƙungiya cin kuɗin mutane kawai take yi. Wani aminina kuma ya dage sai in buɗe shagon kaina in riƙa yin ƙofofi da kabad, wai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga mahaifiya ta tsufa. Abin da na tara zai riƙe mu kamar wata biyar. Gwiwata ta dama da kafaɗa sun fara damuna, matata kuma ta ce ba na jin magana sai an ɗaga murya. Wace hanya zan bi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Sau biyu na karanta wasiƙarka, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba: gwiwa, kafaɗa, kunne. Ka jera mini hanyoyi uku, amma ranar da za ka ajiye guduma ba ka ambace ta ba, alhali ita ce ke zaune a bayan dukansu. Daga can zan faro in dawo baya. Kai ka fi ni sanin cewa mai kafa matakalar bene ba ya yanka taki na farko sai ya auna tsayin da zai kai.

Jarin kafinta jikinsa ne. Injin zarto in ya gaji ana canza masa haƙori ko a sayi sabo, gwiwa kuwa ba a sayar da ita a kasuwa. Gobe in ka je wurin aiki ka ɗaga kai ka ƙirga mutum nawa ne a kan rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufi, waɗanda suka haura 60. Ina jin yatsun hannu ɗaya sun ishe ka, har da saura. Sauran ba mutuwa suka yi ba, saukowa suka yi. Wasu sun sauko da shiri, suka zama masu duba aiki ko masu fitar da ƙiyasi ko masu koyar da yara. Wasu kuma jiki ne ya sauko da su ba shiri, su ne kake gani suna zagaya wuraren gini suna neman ɗan gyaran ƙofa. In muka yi maganar gaskiya, aikin sama da ɗaukar katako a kafaɗa wataƙila shekara takwas zuwa goma ya rage maka. Bayan haka akwai wasu shekaru na aikin ƙasa, aikin ido da ƙwaƙwalwa, in ka share musu hanya tun yanzu. Bayan su kuma, in Allah Ya yi tsawon rai, sai shekarun da ba aiki amma akwai ci da sha da magani. Duk hanyar da za ka bi, tambayar da za ka yi mata ɗaya ce: wa zai biya kuɗin ranakun da jikina ya ƙi?

Kada ka ɗauka shekarun ritaya da gwamnatoci ke yankewa da irinku aka auna su. Lokacin da Jamus ta kafa fanshon tsufa na ma'aikata a 1889, zamanin shugaban gwamnati Bismarck, sai mutum ya kai 70 yake fara karɓa. An sauko da shi 65 a 1916, yanzu kuma ƙasar na ɗaga shi a hankali zuwa 67. Mai zama a kujera zai iya kaiwa can yana aiki. Mai rufi kuwa jikinsa kan yi ritaya tun kafin takarda ta yarda, sai a samu tazarar shekaru tsakanin ranar da ya daina hawa tsani da ranar da fansho zai fara shigowa. Wannan tazara ce ke karya mutane, kuma ita nake so ka riƙe a zuciya yayin da muke duba sauran.

Mu zo kan ƙungiya. Da farko ka tambayi abokan aikinka wace irin ƙungiya suke nufi, don suna ɗaya ne ake kiran abu biyu da shi. Akwai ƙungiyar masu sana'a, inda masu shaguna ke haɗuwa su daidaita farashi, su sasanta rigima tsakanin kafinta da mai aiki, su taimaki juna in wani abu ya faru. Akwai kuma ƙungiyar ƙwadago, ta ma'aikatan da ke ƙarƙashin mai kamfani, wadda aikinta shi ne ta zauna da shi a madadin kowa a rubuta yarjejeniya: nawa ne kuɗin yini ga kowane mataki na ƙwarewa, awa nawa za a yi, nawa ne kuɗin ƙarin lokaci, wa zai sayi hular kwano da igiyar ɗaure ƙugu, me za a biya wanda ya faɗo, ta wace hanya ake sallamar mutum. Wadda aka yi maka tayi irin ta biyun ce.

Ƙila ba ka sani ba, 'yan sana'arku na cikin waɗanda suka share wannan hanya. A 1881 kafintocin Amurka suka kafa ƙungiyarsu a birnin Shikago, da jagorancin wani kafinta mai suna Peter McGuire, kuma a 1890 su aka zaɓa su shige gaba a yajin neman aikin awa takwas a yini. Da aka kafa Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a 1919, yarjejeniyarta ta farko a kan wannan batu ce: awa 8 a yini, 48 a mako, a masana'antu. Yarjejeniya mai lamba 87 da aka yi a 1948 ta tabbatar wa ma'aikaci 'yancin kafa ƙungiya ko shiga wadda yake so, ta 98 ta 1949 kuma ta hana a kori mutum ko a muzguna masa don yana cikin ƙungiya. Ba don in burge ka da tarihi na kawo wannan ba. So nake ka gane cewa abubuwan da ma'aikacin kamfani ke ɗauka kamar daga sama suka faɗo, irin su hutun mako da kuɗin ƙarin lokaci, ba wanda ya ba da su kyauta, kuma mutum ɗaya bai taɓa iya ƙwato su shi kaɗai ba. Kai da kanka ka sani, ranar da ka yi wa ɗan kwangila gardama a kan kuɗin yini, akwai mutum uku a bakin ƙofa da za su karɓi abin da ka raina.

Amma abokan naka ba ƙarya suka shirga gaba ɗaya ba. Akwai ƙungiyoyin da shugabanninsu suka mai da su gonarsu, ba a ganinsu sai ranar karɓar kuɗi. Ko mai kyau ma tana da nata nauyin. In an shiga yajin aiki ka shiga, ko da a ranar ba ka da ko sisi a gida. Kuɗin da za a biya ka daidai yake da na wanda ka fi shi hannu nesa ba kusa ba, muddin matakinku ɗaya, kuma wannan kan ci wa gwanaye rai. A wurare da yawa in za a rage ma'aikata, wanda ya shigo a ƙarshe shi ake fara sallama, kai kuwa sabo za ka zama can duk da furfurarka. Wasu ƙungiyoyin ma suna hana ɗansu ɗaukar aikin gefe a irin sana'ar, abin da zai shafi shirin shago in kana da shi.

To yaya za ka bambance mai rai da matacciya? Kada ka tsaya ga jawabin shugaba. Ka nemi kwafin yarjejeniyar da ke tsakaninsu da kamfanin, ka karanta ko a karanta maka, ka duba ranar da za ta ƙare. In suka fara kame-kame, ka samu amsarka. Ka tambayi ma'aikatan ƙasa yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe, kuma ko ana karanta musu lissafin kuɗi a taro. Sannan ka nemi mutum biyu da ƙafarka: wanda ya ji rauni a bakin aiki cikin shekarun nan, da wanda ya yi ritaya. Na farko ka tambaye shi wa ya biya asibiti, kuma me ya shiga hannunsa a watannin da ya kwanta. Na biyu ka tambaye shi ko kuɗinsa na zuwa, kuma wata nawa ya yi yana zarya kafin su fara zuwa. Hirar awa ɗaya da waɗannan biyun ta fi duk abin da ni ko abokanka za mu faɗa maka.

Batun fansho kuwa, a nan nake so ka buɗe ido sosai, don kalmar na da daɗin ji, shi ya sa mutane ba sa tona cikinta. Iri biyu ne a duniya. Akwai wanda ake yi maka alkawarin wani adadi duk wata har ƙarshen rai, gwargwadon shekarun da ka yi da albashinka. Akwai kuma wanda asusu ne da sunanka, kai ka zuba, mai kamfani ya zuba, abin da ya taru da ribarsa shi ne naka. A irin na farko akwai wa'adin da sai ka cika shi haƙƙinka ke tabbata. A Amurka, alal misali, shekara 5 ce aka fi sani, wanda ya bar aiki kafin nan yana iya tashi ba komai daga abin da kamfani ya zuba masa. Irin na biyu yakan bi ka duk inda ka koma, sai dai ba wanda ya lamunce maka yawansa. Ka tambaya wanne ne nasu, shekara nawa ne wa'adin, a wace shekara ake fara karɓa, ko akwai tanadin wanda ya nakasa kafin lokaci, kuma me iyalinka za su samu in ta Allah ta kasance. Ka tambaya kuma a hannun wa kuɗin suke. In a aljihun kamfanin suke, ranar da ya durƙushe sun tafi tare. Akwai kuma wata cuta da ta zama ruwan dare, a cire kuɗi daga albashin ma'aikaci a rubuta a takarda, amma ba a kai su asusun ba. Maganinta shi ne ka riƙa neman bayanin asusunka daga masu riƙe da shi kai tsaye, aƙalla sau biyu a shekara.

Bari mu yi ɗan lissafi don kada ka sa rai fiye da kima. A ce abin da kai da kamfani kuke zubawa ya kai kashi 15 cikin 100 na albashinka, ka yi shekara 13 har ka kai 60. Watanni 156 ke nan, abin da zai taru kuwa, in an ajiye riba gefe, bai wuce albashin wata 23 da 'yan kai ba. Kusan shekara biyu. Ga kuma tsadar rayuwa tana ci ta ƙasa kamar gara. Masu lissafi na da wata 'yar dabara, su raba 72 da yawan hauhawar farashi a shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da kuɗi ke rasa rabin ƙarfinsu. In hauhawar kashi 12 ce, cikin shekara 6 abin da ke sayen katako goma sai biyar. Saboda haka fanshon da aka fara a 47 ba zai ɗauke ka shi kaɗai ba. Ƙafa ɗaya ce ta kujera. Amma yanzu ko ita ba ka da, kuma kason da kamfani ke zubawa kuɗi ne da ba za ka taɓa gani a hannun ɗan kwangila ba. Ba kai kaɗai ke cikin wannan hali ba, ILO ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan 2, sama da kashi 60 cikin 100 na masu aiki a duniya, irin aikinka suke yi, ba takarda ba tanadi. Yawan abokan tafiya dai ba ya rage nisan hanya.

Ƙaura ba zan daɗe a kanta ba, don abin da zan ce kaɗan ne. Albashin da aka faɗa maka ba shi ne abin dubawa ba, abin da zai rage bayan haya da mota da makarantar yara a can shi ne. Sannan ka tabbatar ko aikin dindindin ne ko na tsawon kwangila ɗaya. Kamfanin gini yakan ɗebi mutane in ya samu babban aiki, ya zubar da su in an miƙa mabuɗi. In kwangilar ta shekara biyu ce, wa'adin fansho kuma biyar, ka ga an sayar maka da inuwa ke nan. Ka tuna kuma akwai dukiyar da ba ta shiga mota: shekara 26 ka yi kana gina suna, akwai magina da 'yan kwangila da in rufi ya taso lambarka suke fara nema. A sabon gari ba wanda ya san ka.

Ku kafintoci in aka kawo katako daga wuri mai laima zuwa busasshen wuri, ai ba ku kafa shi a ranar. Kukan jingine shi ya sha iskar wurin, ya gama motsinsa, in ba haka ba ƙofar da ta rufu lafiya yau bayan wata biyu ta buɗe baki. Ka yi wa kanka haka. Ka tafi kai kaɗai wata huɗu zuwa shida, iyali su zauna inda suke, yara kada a cire su daga makaranta, kada a sayar da komai. Riƙe gida biyu akwai tsada, na sani, amma ya fi sauƙi a kan kwashe mutum shida a dawo da su. Kafin ka sa ƙafa, ka zauna da uwargida ku yi maganar a tsanake, don ita za ta ɗauki nauyin gida da na Mama a bayanka, kuma wanda zai ɗauki kaya yana da bakin magana a kan nauyinsa. Ka nemi albarkar mahaifiya, ka kuma tsara da 'yan'uwanka wa zai riƙa kai ta asibiti. In tafiyar ta haɗa da ƙetare iyakar ƙasa, kada ka biya wani dillali kuɗin samo maka aiki, kada ka tafi ba takardar izinin aiki, fasfonka kuma kada ya kwana a hannun kowa.

Yanzu sai aminin naka da gatarinsa. Karin maganar gaskiya ce, ni ma ina son ta. Abin da ba ta faɗa ba shi ne ranar da kake wasa gatarin ba wanda ke biyan ka. Ka ɗauka kana aiki kwana shida a mako, kusan kwana 310 ke nan a shekara. Mai shagon kansa yakan ga kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan kwanaki sun tafi a abin da ba a biya: zuwa auna aiki, fitar da ƙiyasin da a ƙarshe za a ba wani, zaɓen katako, gyaran inji, komawa gyara abin da aka riga aka biya, da bin bashi, wanda shi kaɗai sana'a ne. Sai ka ga kwana 200 ne za su ciyar da kwana 365. Ma'ana, don ka tashi daidai da abin da kake samu a ƙarƙashin wani, dole kuɗin hannunka na yini ya ƙaru da fiye da rabi, tun ba a zo kan hayar shago da wuta da haƙoran zarto da gam da samfefa da haraji da kuɗin yara ba. Yawancin kafintocin da suka rufe shago ba rashin iya aiki ya rufe su ba. Sun sa farashi ne da lissafin ma'aikaci, suka manta sun zama masu gida.

Akwai kuma ramin da na ga ya cinye mutanen kirki da yawa, wato kafin alƙalami. Mai aiki ya ba ka rabin kuɗi ka sayi katako, sai buƙatar gida ta taso ka taɓa. Don ka gama aikinsa sai ka jira na biyu ya kawo nasa, na biyun kuma sai da kuɗin na uku. Ranar da na huɗu bai zo ba, ranar ake fara ce maka maƙaryaci, kai da ba ka taɓa cin kuɗin kowa da niyya ba. Daga nan ne sana'arku ta samo sunan da ake yi mata na saɓa alkawari. Abin da ke hana wannan shi ne jarin juyawa, kuma kuɗin wata biyar da ka tara ba za su zama jarin shago su kuma zama garkuwar gida a lokaci ɗaya ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ko a Amurka, inda bashin banki ke da sauƙin samu, alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago na nuna kusan ɗaya cikin biyar na sababbin sana'o'i ba sa ganin shekara ta biyu, kusan rabi kuma ba sa wuce shekara biyar.

Zan faɗa maka wata gaskiyar da ƙila aminin naka ya ji nauyin faɗa. Rufi da dakin daban, ƙofa da kabad daban, ko da yake duk kafinta ake ce muku. Rafta na yafe kuskuren rabin santimita, murfin kabad kuwa milimita biyu ba ya yafewa, kuma mai shi kullum yana kallonsa. Ba na shakkar za ka iya, amma akwai koyo a gabanka, kuma ya fi kyau ka yi koyon nan lokacin da albashi ke shigowa. Kada kuma ka ɗauka shago hutu ne ga jiki. Gwiwa za ta huta, huhu da kunne su karɓi aiki. Tun 1995 hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta cikin hanci. Allunan da ake matsawa da gam kuma, irin su MDF, suna fitar da sinadarin fomaldihaid, shi ma yana cikin jerin. Duk ranar da za ka buɗe shago, injin zuƙe ƙura da takunkumin hanci na ƙwarai su shiga lissafin jari tun farko.

Masu cewa shagona shi ne fanshona kuma, a tambaye su nawa za a saye shi in ba sa ciki. Shagon da ba ya motsi sai da hannun mai shi, ranar da ya kwanta kuɗin tsofaffin injuna kawai ya rage. Wanda ke ciyar da mai shi a tsufa shi ne mai yaran da aka horar har suka iya, da littafin lissafi, da masu sayen da ke zuwa saboda sunan wurin. Gina irin wannan na cin shekaru.

Ka ce in faɗa maka hanyar da za ka bi, to ga abin da zan yi da ni ne kai. In aikin kamfanin na dindindin ne, ko aƙalla ya zarce wa'adin fansho, in ka ga yarjejeniyar da idonka, ka kuma samu tsohon ma'aikacin da kuɗinsa ke zuwa, zan karɓa, in shiga ƙungiyar in biya kuɗinta ba tare da ƙunƙuni ba, in kuma riƙa zuwa taro. Kuɗin wata biyar ɗin nan ba zan taɓa su ba. Amma ba don in ƙara shekara goma a kan rafta zan je ba. Tun watan farko zan sa ido a kan matakin shugaban ma'aikata ko mai duba aiki, don mutumin da ya yi shekara 26 yana rufi ya san inda ruwa zai bi tun kafin a buga ƙusa, kuma manyan kamfanoni na biyan wannan sanin. Duk horon da ƙungiya ko kamfani ya shirya, na karanta zanen gini ne ko na kiyaye haɗari, zan shiga in karɓi takardar. Ina yi ina sayen kayan shago ɗaya bayan ɗaya, ina koyon aikin ƙofa da kabad a ranakun hutu in dokar ƙungiyar ta yarda, ina rubuta kowane aiki a littafi: katako nawa ya ci, kwana nawa ya ɗauka, nawa na zata, nawa ya tashi. Wajen shekara 55, haƙƙin fansho ya tabbata, yara sun tasa, sai in buɗe shagon da injuna na kaina ba bashi. Shi ne zai cike tazarar nan da muka yi magana a kanta.

In kuwa binciken ya nuna kwangila ce ta ɗan lokaci, ko aka rasa tsoho ɗaya da zai ce yana karɓar kuɗinsa, to zauna inda aka san ka, kada ka saki reshe ka kama ganye. Ka ci gaba da rufi kana rage hawa, ka ɗauki yara biyu su yi sama kai kana ƙasa kana awo da yanka, ka fara karɓar ƙananan ayyuka da sunanka. Maimakon kama shago, ka nemi mai injuna ka riƙa biyan sa kuɗin awa. Ƙasashe da yawa yanzu suna da tsarin fansho na masu sana'ar kansu da mutum ke zubawa gwargwadon ƙarfinsa, ka bincika na inda kake, ka yanke wani kaso, ko da goma cikin ɗari ne, ka riƙa cire shi daga kowane kuɗin aiki a ranar da ya shigo, kafin ya kwana a aljihu.

Saura maganar uwargida, kuma ina ganin ita ce da gaskiya. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) kada a wuce awa 8 a cikinta, kuma duk ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu. A desibel 100, inda injin zarto kan kai, minti 15 ke nan. Kai kuwa shekara nawa ka yi a gefensa? Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa, abin da ya rage kawai ake tsarewa, kuma abin toshe kunne na cikin mafi arahar kayan aikinka. Gwiwar ma a sa mata matashin durƙuso tun yau. Kafin ka amsa wa kamfanin, je asibiti a duba gwiwa da kafaɗa, a kuma gwada jinka a ba ka sakamakon a rubuce. In sun yi maka gwajin lafiya kada ka ɓoye musu komai, don ɓoyewar ce za a kafa hujja da ita a hana ka diyya wata rana. Takardar gwajin kunnen nan ka adana ta wuri ɗaya da takardar ɗaukar aiki, ita ce za ta nuna yadda ka shigo musu in jin ya ƙara raguwa a hannunsu. In ka samo amsar wa'adin fanshon da tsawon kwangilar, rubuto mini mu sake lissafin tare.

Allah Ya yi jagora, a gaida Mama da jiki.